Kunnen Maganaɗisu: Littafin Aikina Daga Shagon Gwammaja

Asabar, 11 ga Janairu, 2025

Na buɗe wannan littafi ne don kada in manta abin da na gwada da abin da na kashe. Sana'ata gyaran inbata da caja a wani ɗan shago a Gwammaja, Kano, amma fizik na karanta, kuma har yau bai sake ni ba. Abin da nake son haɗawa ƙaramar sensa ce da za a ɗora kusa da waya ta faɗi yawan wutar da ke bi ta ciki, ba tare da an yanke wayar ko an fere ta ba.

Dabarar ta haɗa abu biyu. Akwai ƙarafan da tsayinsu ke canzawa idan maganaɗisu ya ratsa su. James Joule ne ya gano haka a jikin baƙin ƙarfe a 1842. Nikel yana cikinsu, shi tsukewa yake yi, amma kaɗan ƙwarai: sanda mai tsawon mita 1 za ta rage kamar milimita 0.03, ko kaurin gashi bai kai ba. Sai kuma abin da ake kira fiyezo, wanda ke fitar da lantarki idan an matsa shi ko an lanƙwasa shi. 'Yan'uwan nan biyu, Jacques da Pierre Curie, su suka gano shi a Faransa a 1880. To idan ka manne biyun da gam, maganaɗisu ya taɓa nikel, nikel ya ja fiyezo, fiyezo ya ba da wuta. Shi ke nan. Ɗaya kurma ne ga maganaɗisu, ɗayan bebe ne a wajen lantarki, amma da ka haɗa su sai a sami mai ji yana faɗa.

Ba da gam aka fara ba. Tun 1894 Pierre Curie ya yi hasashen za a iya samun abu guda ɗaya mai wannan hali. A 1959 Dzyaloshinskii ya lissafa cewa sinadarin Cr₂O₃ zai yi, Astrov ya tabbatar a gwaji a 1960, duk a Tarayyar Sobiyet. Matsalar ita ce abin da ke fitowa bai taka kara ya karya ba. A 1972 ne van Suchtelen na kamfanin Philips a Holan ya kawo shawarar a haɗa abu biyu, kowa ya yi rabin aikin. Wannan hanyar zan bi, da kayan da Sabon Gari za ta iya ba ni.

Litinin, 13 ga Janairu

Na shiga kasuwa. Faifan fiyezo irin na ƙararrawar agogo da inbata, mai faɗin milimita 27, guda 10: ₦3,000. Farin da ke tsakiyarsa shi ne fiyezon, ana kiransa PZT, an manna shi a kan tagulla. Zaren nikel da masu haɗa batirin litiyom ke amfani da shi, faɗin milimita 8, kauri 0.15, mita ɗaya: ₦2,000. Gam mai haɗi biyu, mai saurin kamawa: ₦2,500. TL072, 'yar na'urar ƙara ƙarfin sigina, guda uku da su rizisto da kafasito: ₦4,000.

Laraba, 15 ga Janairu

Faifai uku sun tafi. Ina son in yanko siririn yanki daga tsakiyar faifan don ya yi daidai da zaren nikel, sai na sa almakashin gwangwani. Tagullar ta yanku, farin ya tsattsage kamar bangon da ruwa ya ci. Na huɗu na fara jan layi da reza sau da yawa a kan farin kafin in yanka, ya fito da ɗan tsagu a gefe kawai.

Wajen liƙa waya ma sai da hankali. Azurfar da ke saman farin fatar albasa ce, da ƙarfen dalma ya daɗe a kai sai ta ɗago, kuma zafi mai yawa yana kashe halin fiyezon a wurin. Taɓawa ɗaya, a ɗauke.

Asabar, 18 ga Janairu

Ranar koyil, wato naɗin waya mai ba da maganaɗisu. Ba za a ce sensa ta auna komai ba sai an san ƙarfin maganaɗisun da aka ba ta, don haka ina buƙatar koyil biyu masu fuskantar juna, irin tsarin Helmholtz. Kafinta ya yanko mini zobe biyu na katako, daga tsakiya zuwa baki santimita 10 (₦3,000). Wayar kwafa ₦9,000. Na kai wa dattijon da ke naɗin fanka da injin ruwa a layinmu. Ya juya zoben ya ce, "Yaro, wannan wace irin fanka ce babu ƙarfe a ciki?" Na ce, "Baba, ba ta juyawa, iskar da za ta bayar ba a jin ta." Ya yi dariya, ya naɗa 50-50 cif, ya ƙi karɓar ko kwabo. Kusan mita 63 na waya suka shiga.

Tazarar zoben biyu ita ma santimita 10. A lissafi, amfiya 1 za ta ba da maikurotesla (ma'aunin ƙarfin maganaɗisu) 450 a tsakiya, wato miliamfiya 100 ta ba da 45. Na gwada da batir, na sa wayar salula a tsakiya tunda tana da sensar kamfas a ciki, bambancin da ta nuna ya zo kusa da lissafin. Na yi barci da daɗi.

Talata, 21 ga Janairu

Na manna nikel a bayan tagullar, na haɗa amfilifaya mai ninka sigina sau 100. Ba ni da osiloskof, na'urar da ke zana sigina a allo, don haka na sayi katin sauti na USB (₦5,500), kwamfuta ta zama ido. Ita ce kuma ke ba koyil sauti ta tsohuwar amfilifayar sifika.

Alhamis, 23 ga Janairu

Sigina ta fito! Na ba koyil haz 1,000, wato kaɗawa 1,000 a daƙiƙa, layi ya tashi a allon kwamfuta, na kashe ya kwanta. Na ɗauki hoto na tura wa ƙanena da abokai biyu. Har tsire na saya a hanyar gida.

Lahadi, 26 ga Janairu

Tsiren nan haramun na ci shi, don murnar ƙarya ce.

Na je gaida tsohon malamina na fizik, na nuna masa hoton ina ta zuba. Ya saurara har na gama, sannan ya ce, "Ka gwada da faifan da babu nikel a jikinsa?" Na ce, "A'a, Allah gafarta Malam." Ya ce, "Ka sa maganaɗisun jingina a gefe?" Na ce ban sa ba. Ya ce, "To je ka yi biyun, ka dawo mu yi magana."

Da yamma na buɗe shago na sa faifai tsirara, babu nikel ko ɗigo. Siginar nan tana nan daram, ba ta rage komai ba. Na ƙara yawan kaɗawar zuwa haz 2,000, ta ninka biyu. Nan jikina ya yi sanyi, don na gane ta. Wayoyi biyun da suka fito daga faifan na bar su a wage, sun yi zobe, kuma duk zoben waya da ke cikin maganaɗisu mai canzawa sai ya haifar da wuta. Abin da Faraday ya gano ne tun 1831, shi ne kuma abin da ke cikin kowace taransifoma da nake gyarawa kullum. Na zauna a cikin sana'ata na kasa gane ta don ina son in ga wani abu dabam.

Maganar maganaɗisun jingina kuwa, na san ta a takarda na yi watsi da ita. Nikel bai damu da ta ina maganaɗisu ya fito ba, ko daga dama ko daga hagu tsukewa zai yi. Saboda haka idan babu wani tsayayyen maganaɗisu da ya riga ya ɗan tsuke shi, ƙaramin maganaɗisu mai kai da komowa kusan ba ya motsa shi, ɗan abin da ya yi kuma yana fitowa ne a ninki biyu na kaɗawar. Dalilin da ya sa taransifomar unguwa ke gurnani a haz 100 ke nan alhali wutarmu haz 50 ce. Sai an jingina shi da tsayayyen maganaɗisu sannan yake bin siginar sau da ƙafa.

Daga yau kowane gwaji sai ya wuce tambaya uku: idan na cire maganaɗisun jingina siginar ta faɗi? Idan na juya fuskarsa siginar ta kife? Faifai tsirara ya yi shiru?

Talata, 28 ga Janairu

Na murɗe wayoyin biyu kamar igiya, na gajarta su, na sa kebul mai rigar kariya, amfilifaya ta shiga gwangwanin madara (₦2,000). Na koma batir 9V guda biyu (₦2,400) don caja tana shigo da ƙara. Siginar ƙarya ta kusa ɓacewa. Ta gaskiya kuma babu. Shiru kake ji.

Juma'a, 31 ga Janairu

Bayan masallaci na gano dalili, kuma ba a wajen haɗi yake ba. Wani abokin sana'a mai haɗa batirin sola ya ɗauki ragowar zaren ya ce, "Oga, wannan ai ba nikel ba ne, ƙarfe ne aka yi wa wankan nikel." Ya kai shi bakin giranda, tartsatsi ya tashi kamar na mai walda. Nikel zalla da ƙyar yake ba da tartsatsi. Na kankare wani yanki da sanfefa na jefa a ruwan gishiri don in ƙara tabbatarwa.

Maganaɗisu ba ya raba gardamar nan, don yana kama duka biyun, shi ya sa ban yi zargi ba. Wanda ya sayar mini ma ina jin haka aka kawo masa. Ƙarfe yana canza tsayi shi ma, amma bai kai nikel ba, ga kuma gam ɗin da na sa wanda har yanzu farce yana shiga cikinsa. Gam mai laushi katifa ce tsakanin ƙarafan biyu, duk ɗan motsin da aka samu a cikinta yake mutuwa.

Lahadi, 2 ga Fabrairu

Yankin da ke ruwan gishiri ya yi ja da tsatsa. Magana ta ƙare. Abokin nan ya sayar mini da nasa na gaske, ₦3,500. Gam mai kwana kafin ya kama, ₦6,000.

Laraba, 5 ga Fabrairu

Sanfefa a fuskokin biyu, wankewa da sifirit, gam ɗan ƙanƙane, matsewa tsakanin gilashi biyu da dutsen guga a kai. Awa 24 ban taɓa ba.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Alhamdu lillahi. Wannan karon ban sayi tsire ba sai da ta amsa tambayoyin uku.

Na zaɓi haz 170 don ya kauce wa 50 da 'ya'yanta, 100 da 150 da 200, waɗanda suka cika shagon. Koyil na ba da maikurotesla 45. Na ɗora baƙin maganaɗisun tsohuwar sifika a kan rula ina matso da shi a hankali ta tsawon zaren. Daga nesa kusan babu komai. Yana matsowa sigina na tashi, ta kai ƙololuwa a wajen santimita 4, milibolt 22 bayan amfilifaya, da na ƙara matsowa sai ta fara sauka. Wannan hawa da saukar ita ta fi faranta mini rai fiye da lambar kanta, don waya mai zobe ba ta san da zaman maganaɗisun sifika ba. Saukar kuma tana da dalili: idan jinginar ta yi yawa nikel ya gama tsukewar da zai iya, ya ƙoshi, ba ya ƙara motsi. Na gwada ƙaramin maganaɗisu mai ƙyalli na cikin ma'ajiyar bayanan kwamfuta (hard disk), yana kusantowa siginar ta mutu.

Na juya fuskar maganaɗisun, siginar ta kife. Faifai tsirara bai kai milibolt 2 ba. Na kira Malam na faɗa masa. Ya ce, "Yanzu ka fara aiki."

Talata, 11 ga Fabrairu

Aikin kwastoma ya yi yawa, inbata huɗu. Ban taɓa sensa ba.

Alhamis, 13 ga Fabrairu

Na danne gefe ɗaya a tsakanin katako biyu, ɗaya gefen na lilo, na bi kaɗawa daga haz 100 zuwa 1,000. A wajen 410 siginar ta yi tsalle kusan sau 18. Nan ne muryar zaren ta asali, kamar yadda kowace tsirkiyar garaya ke da nata amon. A wannan wurin na rage wutar koyil har zuwa kusan rabin maikurotesla ina ganin ta.

Amma kunnen da ya buɗe ga maganaɗisu ya buɗe ga komai. Adaidaita sahu ta wuce, layi ya yi rawa. Maƙwabcina ya tada janareta, allon ya cika. Na ajiye cokali a teburi, ta ji. Fiyezo bai san bambancin jan nikel da girgizar ƙasa ba, duk lanƙwasa ce a wajensa. Na ɗora komai a kan bulo, bulon a kan tsohuwar tayar babur da na rage wa iska. Ya rage sosai, bai kashe ba.

Akwai kuma zafi. Da hantsi ya shigo ta ƙofa ya sauka a kanta, sai layin ya yi ta gangarawa. Ko numfashi na hura mata sai ta motsa, domin PZT yana ba da wuta idan zafinsa ya canza. Ga hunturu, rigata kanta tana tara wuta, in na matso sai allon ya yi tsalle. Na rufe ta da kwalin takalmi da na lulluɓe da takardar alminiyam, na haɗa da ƙasa. Idan bazara ta shigo, Kano ta haura digiri 40, gam ɗin ne abin da zan sa wa ido.

Asabar, 15 ga Fabrairu

Ƙanena ya zo ya ce, "Yaya, wai da gaske irin wannan tana jin bugun zuciya?" A Jami'ar Kiel ta Jamus akwai masu bincike da suka daɗe suna aiki a kan irin wannan sensa don auna maganaɗisun jikin mutum, amma nasu siraran shimfiɗu ne a kan silikon, a ɗaki mai kariya. Maganaɗisun zuciya bai wuce fikotesla 100 ba, kuma fikotesla miliyan ɗaya ne ke yin maikurotesla 1. Tawa tana buƙatar ƙarin ji sau dubbai. Abin da ke jan hankalinsu shi ne na'urar SQUID da aka saba auna irin wannan da ita tana buƙatar sanyi mai tsanani, galibi na ruwan hiliyom, ita kuwa wannan a zafin ɗaki take aiki. Na ce masa tawa dutsen guga za ta fara ji tukuna.

Laraba, 19 ga Fabrairu

Gwajin da aka fara aikin dominsa. Na ɗora sensa kusa da igiyar dutsen guga mai wat 1,000. Kusan babu komai. Na ɗan yi jim, sai na tuna igiyar waya biyu ce a ciki, wuta na tafiya ta ɗaya tana dawowa ta ɗaya, maganaɗisunsu na kashe juna. Na haɗa gajeren tsawo na musamman da wayoyin a rabe, kowace da rigarta, ban fere komai ba.

A lissafi, amfiya 4.3 a tazarar santimita 2 tana ba da maikurotesla 43. Wutar yau ba ta cika ba, mita mai kama waya ta nuna 3.9. Sensa ta ji ta sarai a haz 50, kuma sai zaren ya gitta wayar yake ji, in ya kwanta a tsawonta sai ya yi shiru. Na ƙara hita, siginar ta tashi daidai gwargwado. Ina cikin ɗaukar lamba ta uku aka ɗauke wuta.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Na ƙarasa: kaya biyar, maki biyar, sun kusa hawa layi ɗaya. Abin da ya dame ni tazara ce. Kaucewar milimita 2 kawai a santimita 2 tana canza amsa da kusan kashi 10 cikin 100. Mita mai kama waya ba ta da wannan ciwon tunda zagaye wayar take yi. A gaskiya, in don auna wutar gida ne kawai, ita ta fi tawa a yau, ta kuma fi arha in aka lissafa wahala. Inda tawa za ta yi amfani shi ne matsattsen wurin da bakin mitar ba ya shiga, kuma ita kanta ba ta cin wuta, amfilifaya ce kawai ke ci.

Jimillar kuɗi zuwa yau: ₦42,900.

Lahadi, 2 ga Maris

Azumi ya kama jiya. Aiki ya koma bayan tarawihi, kuma ya fi, don titi ya fi shiru can cikin dare.

Wani abokina da ke aiki a babban kanti ya tara mini 'yan fararen robobin nan da ake mannawa a jikin kaya don hana sata, waɗanda aka riga aka cire. Na fasa ɗaya. A ciki akwai siraran zare masu ƙyalli, kaurinsu kamar maikuromita 25, na ƙarfen da aka sanyaya da gaggawa har bai samu ya jera ƙwayoyinsa ba, dangin abin da ake sayarwa da sunan Metglas. An yanka su ne su yi amo a haz 58,000, wanda ƙofar kantin ke saurare. Ashe duk mai shiga kanti yana wuce ƙanin aikina bai sani ba. Katin sautina ba ya kai wa can, iyakarsa wajen 20,000, amma ba amonsu nake nema ba, laushinsu ga maganaɗisu nake so.

Juma'a, 7 ga Maris

Zare ɗaya ya yi siriri, ba ya iya jan tagulla. Na jera shida da gam, biyu sun zame wajen matsewa, na sake. Faifai biyu suka rage mini.

Talata, 11 ga Maris

Ta yi, kuma halinta dabam ne. Maganaɗisun sifika a santimita 4 ya ƙosar da ita gaba ɗaya, sai da na ja shi baya fiye da taƙi guda sannan ta kai ƙololuwa. Siginar ta fi ta nikel kusan sau uku a haz 170.

Wajen ƙarfe ɗaya na dare na juya katakon gaba ɗaya don in gyara zama, da koyil da maganaɗisu da komai a kai, sai lambar ta canza. Na mayar, ta dawo. Na yi zargin waya ce ta motsa, na manne ta da salatif, na sake juyawa. Haka dai. Zaren na kallon arewa lamba ɗaya, na kallon kudu wata, gabas da yamma suna tsakiya. Maganaɗisun duniya ne ke ƙaruwa a kan jinginar ko ya rage ta. A nan Kano ya ɗan haura maikurotesla 30, kuma kusan a kwance yake saboda muna kusa da layin da ya raba duniya biyu ta fuskar maganaɗisu, don haka kusan dukkansa yana bi ta tsawon zaren. Na maimaita sau biyar, na sa faifai tsirara ya yi shiru, sannan na yarda.

Wannan sabon ciwon kai ne ga auna wuta, don amsar za ta dogara da inda aka fuskantar da sensa. Idan na tsayar da jinginar daidai kan ƙololuwa canjin yana raguwa, zan auna ko nawa.

Abin da ke gaba bayan Sallah: ƙaramar roba mai kwarmi da za ta riƙe waya a tazara ɗaya kullum; sensa biyu, ɗaya a kowane gefen waya, a haɗa su yadda girgiza za ta kashe kanta siginar ta ninka; ƙaramin maganaɗisu da za a manne dindindin a madadin na sifika; da barin ɗaya a rufin kwano na sati guda a watan Afrilu in ga abin da zafi zai yi wa gam. Sai na ƙaro faifai 10, na ware ₦15,000. An kusa kiran assalatu, bari in je in yi sahur.